ABOKIYAR WASANA CE

*Shafi na 34*

Salamu alaikum mutanena. Masu cika min waya da "ci gaba, ci gaba" tun kafin in wanke fuska, duk na gan ku. Ba yanga nake yi ba, rezo ne, wato netwok, ya yi mana yaji a unguwa. Ku kuma da kuke ta zagin Ummusalma wai ta cika nuƙu-nuƙu, yau za ku ji abin da ke cikinta, sai in ga bakin da za ku yi zagin da shi. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta sha ruwa tukuna.

*

Kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, ba ta bar tashar Diffa ba sai da rana ta ɗaga sosai, don direba ya rantse ba zai kai kansa bariyar, shingen binciken sojoji, da duhu-duhu ba, yana da 'ya'ya ƙanana.

Kubura ta samu gefen taga. Ummusalma na kusa da ita, ta rungume doguwar jakar raket ɗinsu a kan cinya. Metir Abatcha, mai horar da su, yana can gaba bayan direba, tuni ya fara ba wani ɗan kasuwa labarin da bai tambaye shi ba. Wai 'yan matan nan biyu da ke baya tanis za su buga a gasar ƙwararru, ɓangaren mata biyu-biyu, su kara da 'yan Misira da 'yan Tunisiya waɗanda da wasan suke ci suke sha. Wai gurbi ɗaya tak aka ware wa 'yan gida, kuma Diffa ce ta ɗauke shi. Diffa fa! Garin da ko babur an hana hawa.

"Mene ne kuma biyu-biyu?" in ji ɗan kasuwan.

"Biyu nan, biyu can, raga a tsakiya. An riga an kai sunansu tare. Ɗaya ta fasa, duka sun fasa."

Kubura kam bakinta ya ƙi rufuwa. Komai dariya yake ba ta, har akuyar da aka ɗaure a saman kar. Jikinta sai tashin ƙamshi yake, don Iya, mahaifiyarta, ta turara musu kayan wasa da turaren wuta har farar riga ta koma kalar shayi da madara. Wai kada mutanen Yamai su ce 'yan Diffa ba su da uwa.

Sai da gari ya ƙare, bukkokin 'yan gudun hijira suka fara jeruwa a bakin kwalta, sannan ta lura abokiyarta ba ta ce uffan ba tun tasha.

"Ke Ummu, lafiya? Ko tun yanzu 'yan Misira sun murɗa miki ciki?"

Ummusalma ta ƙara rungume jakar.

Kubura ta leƙa fuskarta. Hawaye ne ke sauka, babu sauti, babu shessheƙa, suna ɗiga a kan jakar.

"Subhanallahi. Me aka yi miki?"

"Iya ce."

"Iya tawa? Me ta ce miki?"

"Ba ki ji ta ba?"

Ta ji mana. A bakin ƙofar kar Iya ta kama kan Ummusalma da hannu biyu, ta tofa mata addu'a a goshi, ta ce da Hausarta mai ɗaurin Barebari, "Allah ya ɗauke min Grema, ya aiko min ke. Ban yi asara ba, ɗiyata." Grema yayan Kubura ne, wanda ya kai buhunan tattasan Baba kasuwa ranar da bam ya tashi a can, bai dawo ba. Tun daga ranar Iya ba ta sake kama sunansa a gaban mutane ba sai yau.

"To wannan abin kuka ne? Ni da ta haifa ma ba ta gaya min haka ba, ban yi kishi ba."

"Ya Kubura, ina da magana."

"Faɗi mana."

"Ba ta kunnen mota ba ce."

Kubura ta ja mayafinta ta lulluɓe kawunansu su biyu, yadda suke yi da tawul a filin wasa idan za su ƙulla dabara lokacin canjin gefe. Direba ya ƙure wa'azi a rediyo, inji na ta ruri. Ko na kujerar gaba ba zai ji su ba.

"Na gaya muku tare da mutanen Damasak na tsallako kogi, aka kwashe mu zuwa sansanin Sayam."

"Haka ne."

"Ƙarya ce. Sayam kam na zauna, a can Metir ya gan ni. Amma ban tsallako da su ba. Ni tun a waccan gaɓar aka kama ni."

"Su wa?"

"Kin san su."

Ta san su. Mutanen daji. A Diffa ba a kiran ainihin sunansu cikin mota, don ba ka san wa ke bayanka ba.

"Innalillahi. Shi ne kika ɓoye duk shekarun nan? Haba Ummu, ai ba laifinki ba ne. Mata nawa aka kama? Ke yarinya ce lokacin, ko…"

"Ki bari in gama. In kika tausaya min yanzu ba zan iya ba."

Kubura ta kama bakinta.

"Mu biyu aka zaɓa. Ni da wata Firdausi, 'yar ƙarama, in ta yi kuka babarta take kira. Aka yi mana kitso. Aka sa mana lalle. Sannan aka ɗaura mana abin a ƙugu."

Zufa ta keto wa Kubura a ƙarƙashin mayafin.

"Wani ya tsallako da mu a kan gora, ya kawo mu har bakin gonakin tattasai. Ya ce Firdausi ce gaba, ni in biyo ta daga nesa in jira. In nata ya tashi, mutane suka taru ɗaukar waɗanda suka faɗi, sai ni in shiga tsakiyarsu."

"Wace kasuwa?"

Ummusalma ta kau da kai.

"Na ce wace kasuwa?"

"Ta tattasai."

"Wace rana?"

"Ya Kubura…"

"Wace rana!"

"Ranar."

Kar ta faɗa wani rami, kowa ya yi salati, wata mata ta zagi direba. Kubura ba ta ji ba. Ji ta yi kamar an cusa mata auduga a kunne, ga ƙamshin turaren Iya ya cika mayafin.

"Ni ban shiga ba," in ji Ummusalma. "Wallahi ban shiga ba. Na faɗa wata gona na kwanta cikin lambatun ban-ruwa, na samu fasasshiyar kwalba na yi ta yankar igiyar har ta tsinke. Na tura abin cikin laka. Ina kwance a nan na ji ƙarar."

"Kin san inda za ta?"

"Na sani."

"Tun kafin ta isa?"

"Tun daga bakin kogi."

"Ba ku haɗu da kowa a hanya ba?"

"Akwai mai shayi. Akwai masu ban-ruwa." Ta ƙara yin ƙasa da murya. "Akwai sojoji cikin mota a mararraba. Na wuce ta gabansu, kusa, kamar nan da direba."

"Ba ki ce musu komai ba."

"Abin yana jikina. Na san ina buɗe baki za su harbe ni kafin in rufe."

"Sai kika yi shiru."

"Sai na yi shiru."

Jama'a, ku duba fa. Yarinya ce ƙarama a ranar, da mutuwa ɗaure a ƙugunta. Amma je ka gaya wa wadda aka kawo mata takalmin yayanta ƙafa ɗaya a leda, ka ji abin da za ta ce maka.

"Tun yaushe kika san Grema yana ciki?"

"Tun ranar da na fara zuwa gidanku. Hotonsa na bango, na tambaya, Baba ya ba ni labari."

"Ranar da Iya ta yi miki burabusko."

"Eh."

"Kika ci."

Ummusalma ta runtse ido.

"Kika ci, har Iya ta ƙara miki, kika cinye. Ina zaune ina kallonki ina murna wai na samu ƙanwa."

"Na so in faɗa. Wallahi kullum ina so."

"Yi min shiru!" Raɗa take yi, amma raɗar ta fi ihu zafi. "Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Duk sabis ɗin da kika taɓa bugawa, ina duƙe a gaban raga na ba ki ƙeyata. Ƙwallo na wuce kunnena har ina jin iskarta. Metir ya ce duk mai waiwaya ba ta yarda da ta bayanta ba. Kin taɓa ganin na waiwaya? Ko sau ɗaya?"

"A'a."

"Ashe da waiwayar na yi."

Ummusalma ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa jaka.

"Me ya sa sai yau? Kin iya haɗiye shi shekara da shekaru, me ya hana ki bari mu buga mu dawo? Ni kin san abin da na sha kafin Baba ya yarda in riƙe raket? Kin san sunan da ake kirana da shi a unguwa? Sai da muka hau mota sannan za ki ɗora min wannan?"

"Don Iya ta ce ba ta yi asara ba. Ba zan iya kai wannan maganar har Yamai ba, Ya Kubura. Ta fi ƙarfina."

Kubura ta fizge mayafinta. Haske ya dake su, kowace ta kau da fuska.

"Muna isa garin Maine zan sauka."

"Gasar fa?"

"Ki nemi wata."

"Kin ji Metir. Ba a canjawa."

"To an fasa."

Ta juya wa taga. Can hagu, bayan yashi, ana hango duhun itatuwan bakin Komadugu, inda gonarsu take, inda Baba ya daina zuwa sai da rana tsaka kuma da addu'a a baki. Grema ne ya sassaƙa mata raket na farko da katakon akwatin kifi, yana mata dariya wai za ta kashe ƙudajen Diffa kaf. Shi ne yake goya ta a babur ya kai ta gidan matasa inda filin yake, in Baba ya tambaya ya ce aikensa ta je. Da yana raye da yau shi ne zai fi kowa surutu a tasha, har Metir ya ji kunya.

Wani tunani ya zo mata, ba ta gayyace shi ba. Ranar da abin ya tashi, Iya ta fita a guje ba takalmi, ita kuma tana biye da ita tana kuka. Suna cikin waɗanda suka fara isa. Suna tsakiyar taron nan.

Ta kore shi. Ba ta son tunanin da zai rage mata fushi, fushin ne kaɗai ke riƙe da ita a kujerar.

Haka aka yi ta tafiya. Kafaɗarsu na gogar juna duk sanda mota ta karkata, kowace sai ta janye.

"Bariyar!" direba ya ɗaga murya yana rage gudu. "Kowa ya sauka da kayan hannunsa. Don Allah ban da gardama, ban da waya. Ba a daɗe da kai musu hari a nan ba, idonsu a rufe yake."

Ba sai ya faɗa ba. Ga gawar wata mota a gefen hanya ta ƙone ƙurmus, ga buhunan yashi sababbi, ga bakin babbar bindiga yana leƙe daga bayan wata mota mai buɗaɗɗen baya. Kar ta tsaya nesa da shingen. Aka kora maza dama, mata hagu, motar ta shiga tsakani ta raba su. Daga inda mata suke ba a ganin ko hular Metir.

Kubura ta bari mata da yawa suka shiga tsakaninta da Ummusalma kafin ta tsaya a layi. Da gangan ta yi.

"Kowace ta buɗe jakarta ta ajiye ƙasa, ta ja baya!"

Wata soja mace ce ke bin jakunkunan da doguwar sanda, tana ɗaga zani, tana tura ƙullin yaji, tana wucewa. Ta zo kan doguwar jakar. Ta ɗaga raket, ta ɗaga tawul, ta ture takalma. Sai sandar ta bugi wani abu ya ce ƙwal.

Ta yi tsalle baya.

"Ajidan!"

Wani dogon gwangwanin ƙarfe ya gangaro daga jakar ya tsaya a kan yashi, a rufe ruf.

Kubura ta gane shi nan take. Sababbin ƙwallaye ne, irin waɗanda za a buga gasar da su. Na Diffa duk sun yi sanƙo, ba sa tashi. Da kyar Metir ya samo gwangwani ɗaya, ya hana kowa taɓawa, ya ce sai a filin gwaji a Yamai don hannunsu ya saba. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe raket ya san halin wannan gwangwani: da iska a matse ake rufe shi, ana jan zoben murfin yake cewa fass! da ƙarfi, kamar taya ta fashe.

Ajidan, babban sojan wurin, ya taho, dattijo mai furfura a gemu, idanunsa jajur kamar wanda ya manta yadda ake barci. Bai matso kusa ba.

"Jakar wa?"

"Tawa ce," in ji Ummusalma.

"Mene ne wancan?"

"Ƙwallo ne, ranka ya daɗe."

"Ƙwallo a gwangwani? Madara ce?"

"Ta tanis ce. An rubuta a jiki."

"Wanda ya kashe min yara ma tumatir aka rubuta a jikinsa." Ya miƙa hannu. "Kart."

Ta miƙa mishi katinta da hannu biyu. Ya duba, ya dube ta.

"'Yar gudun hijira. Daga Sayam." Ya jinjina kai. "Hausarki ma ta can ce. Ke da wa kike tafiya?"

Kubura ta zuba wa Ummusalma ido. Yanzu za ta nuna ta. Yanzu za ta ce ga abokiyar wasana can, ga metir ɗinmu a bayan mota.

Ummusalma ba ta ɗago ba.

"Ni kaɗai."

Ajidan ya juyo ga layin matan.

"Wa ya san wannan yarinyar? Wa ya zauna kusa da ita? In akwai 'yar gari da za ta shaide ta, ta yi magana."

Matan suka soma ja da baya, kowace na janye ɗanta. Wata tsohuwa da ta zauna a bayansu ta waiwayo ta zuba wa Kubura ido.

Kalma biyu ce. Na sani. Katin Kubura na Diffa ne, sunan Baba sananne ne a duk bakin kogi, tana faɗa za a kira Metir, a yi dariya, a wuce. Ta buɗe baki. Sai ta ga takalmin nan ƙafa ɗaya a leda.

Ta rufe bakinta.

"Ba kowa?" in ji ajidan. "To shi ke nan. Madmazel, ɗauki kayanki. Kin ga waccan aduwar? Ki je can, ki juyo ki fuskance mu, ki buɗe shi ki zazzage a ƙasa. In ƙwallo ce, ki yafe mana, ki hau motarki."

Ya ɗaga yatsa biyu. Wani soja ya durƙusa a bayan buhunan yashi ya saita bindiga. Saurayi ne sabon shiga, hular ƙarfen ma ta yi mishi yawa, sai lasar leɓe yake.

"Kowa ƙasa!"

Mata suka zube, yara suka ɓarke da kuka.

Ummusalma ta duƙa ta ɗauki gwangwanin da hannun hagu, hannun da take sabis da shi. Ta san ƙarar da zai yi, ta fi kowa sani. Amma da wane baki 'yar Sayam za ta gaya wa sojan Diffa cewa abin da ke hannunta zai yi ƙara? Ko kuwa ba ta ma so ta faɗa ba ne, Allah masani. Fuskarta dai ta yi wani irin sanyi, irin na wanda ya sauke kaya.

Hanyar aduwar ta gaban Kubura ta bi. Ba ta tsaya ba, ba ta kalle ta ba. A hankali kawai ta ce:

"Ki gaida min Iya."

Ta wuce.

Kubura na durƙushe, gwiwoyinta cikin yashi mai zafi, tana kallon bayanta. Wannan bayan ta san shi fiye da fuskar wasu 'yan'uwanta. Ta san yadda kafaɗar hagu take ɗan ɗagawa idan Ummu ta ji tsoro, kuma ga ta can a ɗage.

Ai ba za su yi harbi ba, ta gaya wa kanta. Ƙwallo ce. Za su gani.

Ta dubi saurayin sojan. Bakin bindigarsa rawa yake.

"Ɗiyata," tsohuwar nan ta raɗa mata, fuskarta a ƙasa. "Ba da ke ta rufa mayafi ɗaya ba?"

Idon Kubura na kan aduwa.

Ummusalma ta isa gindin aduwa. Ta juyo. Ta cire murfin roba ta yar.

A nan ne abin ya daki Kubura a ƙirji. Ta san abin da zai faru. Ga soja kusa da ita, kamar nan da direba. Kuma ta yi shiru. Ita ba a ɗaura mata komai a ƙugu ba, ba wanda zai harbe ta don ta buɗe baki, ba yarinya ba ce. Ummu tsoro ne ya rufe mata baki a waccan ranar. Ita fa? Kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ajidan!"

Kukan yara ya danne muryarta.

Can gindin aduwa Ummusalma ta zura yatsa cikin zoben.

"Ajidan, na san ta! Wallahi na san ta!"

"Ke! Kwanta!"

Ba ta san sanda ta miƙe ba. Duk wanda ya girma a Diffa a shekarun nan ya san ba a gudu a bariyar, ko kunama ce ta harbe ka sai dai ka taka a hankali. Kubura ta manta. Ƙafafun da Metir ya horar don tarar ƙwallo a raga su suka ɗauke ta, mayafi ya faɗi, takalmi ya fita.

"Abokiyar wasana ce! Kar ki buɗe, Ummu! Kar ki…"

"Tsaya! Tsaya na ce!"

"Kar a yi harbi!" ajidan ke ihu. "Kar wanda ya…"

Daga bayan kar aka jiyo muryar Metir yana kiran sunayensu.

Ummusalma ta ɗago a firgice, ta ga Kubura ta taho gadan-gadan, ta shiga tsakaninta da buhunan yashi. Ta ɗaga hannu za ta ce mata koma. Yatsan na cikin zoben.

Fass!

Tau!

Tsuntsaye suka tashi daga kan aduwa.

Tare suka zube, Kubura a sama. Ƙwallaye suka watse a kan yashi, sababbi fil, suna ta tsalle abinsu. Wani wuri can nesa ana ta salati, ajidan na zagin wani da Faransanci, mata na kururuwa. Kubura ba ta bi ta kansu ba. Ta yunƙura ta dafa ƙasa, ta ga gaban hijabin Ummusalma ya jiƙe jajur.

"Wayyo Allah na! Ummu! Ina ya same ki? Ina ne?"

Ta shiga lalube ta, ƙirji, ciki, wuya.

"Ni na ja miki. Ni ce na yi shiru. Ki yi min magana don girman Allah, ina ne ke miki ciwo? Za mu je Yamai, kin ji? Ba zan sauka a Maine ba. Ummu, kalle ni!"

Ummusalma na kallonta. Idanunta a buɗe tar, amma ba fuskarta take kallo ba, ƙasa da kafaɗarta take kallo. Ta kama hannayen Kubura biyu ta riƙe gam.

"Ya Kubura, daina motsi."

"Sake ni in ga wurin!"

"Don Allah daina motsi." Ta ƙara riƙe ta. "Jinin ba nawa ba ne."